Rabin Aski Tsakanin Najeriya da Nijar

Shekarun baya kaɗan, wajen uku ke nan, lokacin ina aji biyar a sakandare, na yi wani kishi da har gobe idan na tuna sai hannuna ya tafi kaina da kansa. Kada ku gyara zama, ba kishin budurwa ba ne. Kishin tattalin arziki ne. Ni ɗin nan da ko kaza ban mallaka ba, na taɓa ture kwanon tuwo saboda ɓangaren hidimomi na ƙasashe biyu.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Bagwai, irin wanda idan ka fito daga zaure ka yi tuntuɓe, a gonar wani za ka faɗi. Babu inda aka bari ba a shuka ba. Da damina dawa har leƙen tsakar gida take yi ta saman danga, ta ga abin da aka ɗora a murhu. A nan na tashi tare da abokina, wanda gidansu yake bayan namu. Kwano ɗaya muke ci, bulala ɗaya muke sha a makarantar allo, sai dai shi yakan sha tasa ne saboda yana zaune kusa da ni.

Mahaifinsa shi ne wanzamin gidanmu, kamar yadda kakansa ya kasance wanzamin kakana. Ku 'yan birni bari in yi muku bayani. A wurinmu ba a miƙa wa wanzamin gida kuɗi duk ranar da ya yi aski. Shekara guda zai yi yana zuwa da zabirarsa a kafaɗa: ya aske maigida da 'ya'yansa, ya yi askin suna idan an haihu, ya kafa wa tsoho ƙaho idan baya ya riƙe. Babu mai cewa nawa. Idan kaka ta yi, sai a ɗaure dami a kai masa har gida. Haka muka taso muka tarar, ban kuma taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba, kamar yadda ba ka tambayar inda inuwar darbejiya take samo sanyi.

A aji kuwa ni ne baki. Ko ban san amsa ba sai na ɗaga hannu, in yi ta kewaye har amsar ta gaji ta fito da kanta. Abokina idan ya yi magana uku a wuni, to tambaya huɗu aka yi masa. Wannan tsarin ya yi mini daidai. Ni a gaba, shi a baya yana gyaɗa kai.

Abin ya fara lalacewa ne a dogon hutu. Mahaifiyarsa mutuniyar wani ƙauye ce a wajen Maraɗi, sai ta tafi ganin gida ta tafi da shi. Mako uku kacal ya yi. Amma da ya dawo, wai makaranta ta zama lakwal, waya ta zama salula, wutar lantarki ta zama kuran. Ya zo da cukwi da dabino, da wata 'yar kwandalar sefa da yara suke bin layi su taɓa. Mutumin da ba ya magana, sai ga shi an kewaye shi a gindin mangwaro ana cewa, "Sai kuma me ka gani?" Ni kuwa duk yawon duniyata bai wuce Bichi ba, shi ma haƙori aka kai ni a cire. Na gwada cewa baffana ya taɓa zuwa Legas, wadda ta fi Maraɗi nisa nesa ba kusa ba. Aka ce ai Legas ba ƙasar waje ba ce, kuma baffan ne ya je ba ni ba. Sai na koma gefe ina cewa cukwin warin raƙumi yake yi, alhali na cinye nawa har na roƙi na ƙanwata.

Ana haka sai rannan malamin tattalin arziki ya shigo aji da wata takarda a hannu.

"Za a yi gasa a Kano tsakanin makarantu. Ɗalibi ɗaya za mu tura. Za a kai shi a mota, a ba shi abinci, kuma gidan rediyo zai sa muryoyin waɗanda suka yi fice."

Na gyara wuyan riga. Ai ko ba a faɗa ba an san wanda zai je.

Ya rubuta batun a allo: a kwatanta gudummawar da ɓangaren hidimomi yake bai wa tattalin arzikin Najeriya da na wata ƙasa maƙwabciya. Ya ce hidima ita ce aikin da za a yi maka ka amfana, amma ba za ka zuba shi a buhu ka ɗaure ba, kamar sufuri da koyarwa da asibiti da banki da kiran waya. Sannan ya juyo, idonsa ya tsallake ni kamar yadda ake tsallake kwata, ya sauka a kan abokina.

"Ga ma ɗan ƙasa biyu nan. Kai da ka ga Nijar da idonka, ai ka ga rabin amsar."

Ɗan ƙasa biyu! Ni shekara huɗu ina zuba a makarantar nan, ba a taɓa yi mini laƙabi ba sai Rediyo. Kishi ya taso mini. Na ɗaga hannu.

"Malam, zuwa Nijar ai ba karatu ba ne. Raƙumi ma yana zuwa, kuma bai taɓa cin jarrabawa ba."

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya jira aka gama, ya ce to tunda haka ne, ranar Alhamis ta makon gobe mu biyu za mu tsaya a gaban makaranta gaba ɗaya, kowa ya kwatanta Najeriya da Nijar, malamai uku su zaɓi mai zuwa Kano. Abokina ya dube ni ya ce a hankali, "Da ka bari kawai." Na ce, "Tsoro ya fara ke nan?"

Daga ranar na daina biya masa idan za a tafi makaranta. Na ari wayar baffana, na hau kan tsohuwar katanga inda sabis yake kamawa, na kwafo Turanci mai nauyi, irin wanda ni kaina sai na huta sau biyu kafin in kai ƙarshen kalma. Ina haddacewa ina yi wa tumakin gidanmu jawabi. Wata tunkiya ta taɓa daina tuƙa ta kalle ni, na ɗauki wannan a matsayin tafi.

Shi kuwa bai nemi waya ba. Littafi ya ɗauka yana zagaya gari. Na gan shi wurin mai niƙa, na gan shi wurin mai cajin waya, na gan shi tsugune a gaban tsohuwar ungozomar unguwarmu yana rubutu. Ko'ina na bi sai in ji ana cewa yaron nan akwai natsuwa. Ni fa ba bin sa nake yi ba, hanyarmu ce kawai take yawan haɗuwa. Wata rana na tare shi a bakin tasha yana hira da 'yan acaɓa.

"Mutumina, ƙidayar jama'a aka ba ka ne?"

"Tambaya nake yi."

"To ka tambayi jakin can ma, ai shi ma yana ɓangaren sufuri."

Ya juya ya kalli jakin, da buhunan gyaɗa biyu a bayansa. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce, "Wallahi ka yi gaskiya." Ya buɗe littafi ya rubuta. Jama'a, na je yin ba'a, na dawo na ba da sadakar hujja. Ranar ce na ture tuwo.

Ranar Talata da yamma mahaifinsa ya zo askin gidanmu kamar yadda ya saba. Ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, ya aske mahaifina da ƙannena maza. Ni na shige bayan rumbu. Mahaifiyata, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta leƙo.

"Kai wannan, ba za ka fita a sassabe maka dajin nan ba?"

"Inna, ba zan ƙara wa tattalin arzikin abokin gaba ƙarfi ba."

"Abokin gaban da jiya-jiya kuke rabon ƙanzo? Allah ya shirya."

Gaskiyar magana akwai dalili na biyu. Ina so in tsaya gaban malamai da askin zamani, irin na samarin Kano, don tun kafin in buɗe baki a ga wanda ya dace da birni. Ina da ɗan abin da na samu a roron gyaɗa. Ranar Laraba, ranar kasuwarmu, ana tashi daga makaranta na nufi shagon mai askin inji, wanda shi kaɗai ne a garin. Madubi har biyu, kujera mai juyawa, bango cike da hotunan kawuna. Na nuna wanda nake so. Na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ina faɗa a raina, ga hidima ta gaskiya, ba ta tsugune a buzu ba.

Ya ce sumar ta yi yawa, sai ya fara kwantar da ita gaba ɗaya kafin ya fitar da salo. Ya fara daga dama. Ya kwashe gefen tas, ya hau sama ya kai daidai tsakiya, kamar mai raba gonar gado. Sai janareto ya yi tari sau uku, ya saki wani baƙin hayaƙi, ya yi shiru.

"Kada ka damu, yanzu zai tashi," in ji mai aski.

Ya ja igiya har ya jiƙe da gumi. Ya duba mai, da mai. Ya kwaɗa masa takalmi. Wutar gari kuwa tun da iska ta kayar da turakun wuta da damina ba mu sake ganinta ba, injin askinsa na caji kuma ya mutu tun azahar. Mai gyaran janareto ya tafi Kano sayen kaya, sai Juma'a.

"Juma'a? Gobe fa zan tsaya gaban makaranta!"

"To sai ka tsaya ta gefe ɗaya," in ji shi. Wani dattijo da yake jiran layi ya yi dariya har carbinsa ya faɗi.

Na dubi madubi. Dama fayau kamar an share masussuka, hagu kuwa gonar rago, ko noman farko ba a yi mata ba. Na ja hula har kunne, na koma gida ta bayan gari, ta cikin dawa.

Na ɓoye abin har wayewar gari, alwala ma a bayan rumbu nake yi. Da safe na ɗaga hular ke nan zan yi shafa, sai ƙanwata, wadda take aji ɗaya a makarantarmu, ta zagayo za ta buɗe wa kaji. Ta saki ihu kamar ta taka maciji, ihun ya koma dariya. Kafin in mayar da hula gida ya taru. Mahaifiyata ta yi dariya har ta dafa turmi, ta ce, "Wannan shi ne tattalin arzikin?" Mahaifina bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana rawa. Kalma biyu ya faɗa: "Gidan wanzam."

Babu mafita, domin ranar Alhamis ake duba farce da kai a taron safe, kowa sai ya cire hula. Na tafi ina jan ƙafa. Na yi sallama, mahaifiyar abokina ta amsa, ta ce maigidan ya yi sammako zuwa ƙauyen gaba askin suna, ba zai dawo ba sai azahar. Ta ce in matso ta gani. Ta ɗaga hular da kanta, ta mayar, ta yi salati.

"Sai dai ɗan'uwanka ya gyara maka. Ai hannunsa ya faɗa."

Sai ga shi ya fito, riga a goge, littafi a hammata. Ya kalli kaina ta dama, ya zagaya ya kalla ta hagu. Bai yi dariya ba. Wallahi da ya yi dariya da na ji sauƙi, don da na samu abin riƙewa. Ya ajiye littafin, ya ɗauko aska a tsohuwar zabirar mahaifinsa ya wasa a fata, ya kawo ruwa a ƙoƙo da sabulu.

"Tsuguna."

Ku auna wannan. Saura kaɗan mu kara, ga ni tsugune a gaban abokin karawata, kaina a tafin hannunsa, aska a bayan kunnena.

Na ce, "Ka san dai akwai Allah ko?"

"Daina motsi. Kunne ba ya tsirowa."

"A bar mini ɗan sama."

"Saman da babu rabinsa? Sai ƙwal kwabo."

Na yi ta jira ya yanke ni ko da ɗan kaɗan ne, in samu labarin bayarwa, in ce da gangan ya yi. Ina! Hannun nan kamar auduga. Har wannan ma sai da na yi masa hassada: mutum ya je Nijar, kuma ya iya aski. Ni me na iya? Yi wa tumaki jawabi.

Yana cikin aski ya ce, "Ka san a garin su Inna ma dami ake bai wa wanzami? Na tambaya. Abin da zan faɗa ke nan yau."

"Ban tambaye ka ba."

"Na sani. Don kada ka ce na ɓoye maka ne."

Na ce a raina, wannan zancen ƙauye za ka kai Kano? Ai ka gama faɗuwa. Ya gama, ya wanke mini kai, ya karkaɗe rigarsa, amma gashi ya manne a hannun rigar da ɗigon sabulu, babu lokacin canzawa. Muka kwasa da gudu ta burtali, hula a hannuna, iska tana shafa mini wuraren da ba ta taɓa sani ba.

Aka jera bencina a gindin darbejiya. Alƙalai uku ne: shugaban makaranta, da malamin tattalin arziki, da malamar Turanci, wadda ba a taɓa ganin haƙorinta ba. Ni na fara.

Kuma in faɗa muku gaskiya, farkon ya yi kyau. Na ce a Najeriya, bisa abin da littafi ya nuna, hidimomi sun fi noma nauyi, sun kuma fi man fetur ɗin da ake ta kururutawa. Na kawo bankuna da kamfanonin waya da manyan kasuwanni da masu shirya fina-finai. Na ce a Nijar kuwa noma da kiwo har yanzu kafaɗa da kafaɗa suke da hidimomi. Malam yana gyaɗa kai. Da na tsaya a nan, da wataƙila labarin shinkafa da kazar Kano nake ba ku yau.

Amma na waiga na ga abokina a zaune, hankali kwance, yara suna nuna shi suna cewa ɗan ƙasa biyu. Kishin nan ya sake tasowa. Na ajiye haddata na shiga son zuciya.

Na ce, "Nijar kuwa, idan ka cire raƙumi da mai shayi, sai a kulle ƙasar a rataye makulli. Hidima ta gaskiya a bene take zaune, da fanka da kwamfuta. Ba a rataya ta a kafaɗa cikin zabira a bi gida-gida da ita!"

'Yan bencin baya suka saki ihu. Amma shugaban makaranta ya ajiye biro. Abokina ya sunkuyar da kai yana tsince gashin da ke hannun rigarsa. Gashina.

Da aka kira shi, sai da malam ya ce ya ɗaga murya har sau biyu. Ya fara da cewa abin da na faɗa da farko gaskiya ne, a rubuce Najeriya tana gaba, saboda yawan birane da kasuwanni da bakin teku, ita kuwa Nijar kayanta sai sun ratso ƙasar wasu a mota kafin su iso. Sai ya buɗe littafinsa. Ya ce ya ga mai kitso a can, ya ga mai kitso a nan, kuma sau da yawa da kwanon hatsi ake sallamarsu. Ya ga mai amalanken shanu yana kai wa mutane ruwa a can, ya ga jaki yana kwaso gyaɗar maƙwabta a nan. Jakina! Ya kawo ungozoma, ya kawo mai ɗori. Sannan ya ce:

"Mahaifina aski yake yi shekara guda, da kaka a ba shi dami. Idan mai ƙidaya ya zo ya ga damin a rumbunmu, a noma zai rubuta shi. Alhali ba noma ba ne, aski ne. Haka yake a garin kakannina. To ni ina ganin hidimomin ƙasashen biyu duk sun fi abin da ke littafi yawa, kuma ƙasar da mutanenta suka fi zama a ƙauye, nata sun fi ɓuya. Nawa ne, ban sani ba. Ban kuma samu wanda ya sani ba."

Ya zauna. Shugaban makaranta ya ɗauki bironsa ya yi rubutu.

Sai malamar Turanci ta gyara tabarau ta kira ni.

"Ka ce hidima ta gaskiya a bene take. Faɗa mana hidima ta ƙarshe da aka yi maka kai da kanka. Wace ce, kuma a hawa na nawa?"

Na buɗe baki in ce banki, ni da ko ƙofar banki ban taɓa turawa ba. Na dubi abokina, ko zai tona. Idonsa a ƙasa, ya ɗora littafi a kan hannun rigar don kada a ga gashin. Na dubi layin 'yan aji ɗaya, ga ƙanwata ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta suna rawa kamar tukunyar da ta kusa ture murfi. Ƙarya ba za ta yi minti ɗaya a raye ba. Kuma ko da babu ita, wannan littafin da ya rufe hannun riga da shi ya fi ƙarfina.

Na cire hula. Rana ta sauka a kaina ta koma sama.

"Aski ne, Malama."

"Wa ya yi maka?"

Na nuna shi da baki.

"Yaushe?"

"Yau da safe."

"Me ka biya?"

"Sai kaka, Malama."

Makaranta ta rushe da dariya. Ranar aka ga haƙoran malamar Turanci, har na ciki. Kafin a dawo daga hutun tara ƙanwata ta rarraba sauran labarin, har da zane a ƙasa na yadda kaina ya kwana, rabi sahara rabi daji. Nan take aka raɗa mini suna Ƙasa Biyu. Laƙabin da na yi kwana goma ina ƙyashinsa a kan wani, ga shi na samu nawa, har yau kuma bai sake ni ba.

Abokina aka zaɓa, ba sai na faɗa ba. Ranar tafiya ban je rakiya ba. Na ce ina da aikin tsinkar wake, amma daga gonar da na zaɓa ana hango titi sarai. Na ga motar ta wuce, shi a gaba kusa da direba, wurin da na riga na zauna a mafarki ya fi sau bakwai. Ranar da aka sa su a rediyo na sanar da gida cewa ni ba ni da lokacin jin shirme, sannan na zagaya na manna kunne a zana, bayan inda mahaifina yake zaune da rediyonsa. Na uku ya zo. Na ji daɗi da bai zo na ɗaya ba, na ji haushi da bai zo na ɗaya ba, duk a numfashi guda. Da ya zo kan maganar jaki sai na ji ya ce, "Wani abokina ne ya nuna mini wannan." Na fito daga bayan zana da gudu ina cewa ni ne, ni ne. Mahaifina ya rage muryar rediyo ya ce, "Kai ne jakin ko abokin?"

Ya dawo da sabuwar jakar makaranta da ƙamus. Ni kuma ya kawo mini tsaraba daga kasuwar birni: hula. Har yau ban tabbatar ko alheri ne ko tsokana ba.

Muka ci gaba da tafiya makaranta tare, amma na daina shiga gidansu. Maganar raƙumi da zabira ta kai kunnen mahaifiyarsa tun ranar, kuma na san ta kai. Idan na hango ta za ta unguwa sai in canza hanya. Mahaifinsa ya ci gaba da zuwa aski, bai taɓa tayar da zancen ba, sai dai duk lokacin da ya dafa kaina yakan ce, "Yau gaba ɗaya za a yi, ko rabi?"

Haka muke har aka yanke dawa. Mahaifina ya tsaya a gona yana zaɓar zangarniya mai nauyi, ya ɗaure dami, ya sake ɗaure wani wanda ya fi na farko.

"Baba, ai ɗaya ake kai wa gidan wanzam."

"Ɗaya na shekara. Ɗaya na gaggawa."

"To bari in kira mai jaki."

"Ba jaki aka aske ba."

Aka naɗa mini gammo aka ɗora mini. Wanda bai taɓa ɗaukar damin dawa ba ba zai gane ba. Wuyana ya shige ƙirjina, na rage tsawo da taƙi guda. Sawu biyu na yi, ta tsakiyar gari, ta gaban majalisar mai shayi, yara suna bina suna "Ƙasa Biyu! Ƙasa Biyu!" A sawu na biyu na tarar da mahaifiyar abokina tsaye a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Lale da mutanen bene. Sauke a hankali. Mu mutanen raƙumi ba mu da fanka, sai ruwan randa."

Na sauke, na durƙusa a nan gindin damin. Duk Turancin da na haddace babu kalma ɗaya da ta kawo mini ɗauki. Na ce, "Inna, na yi kuskure, a yafe mini." Ta bar ni a durƙushe har sai da ta ga na ji a jikina, sannan ta ce in tashi, bakina ne ya riga hankalina girma. Ta shiga ɗaki ta fito da sauran cukwin da ta ɓoye, ta miƙo mini. Na cinye a tsaye. Ba ya warin komai.

Yanzu da nake duba abin daga nesa, na ga ba Nijar ce ta tsone mini ido ba, ba kuma Kano ba. Na saba ne abokina yana baya, ranar da ya matso gefena sai na ji kamar an ci mini iyakar gona. Kishin kuwa bai tsaya a kansa ba, sai da ya tura ni na raina sana'ar da gidansu yake ci da ita, sana'ar da take taɓa kaina tun ina kwana bakwai a duniya. Har yau idan na ji ana gardama a rediyo kan wace ƙasa ce ta fi wata a hidimomi, ana jifan juna da alƙaluma, nakan ce to, ban musa ba, amma wa ya ƙirga damin?

Kada ku ɗauka na warke. Abokina yana kwaleji a Kano yanzu. Idan ya zo hutu yara suna kewaye shi a gindin mangwaron nan, ni kuma kishin nan yana taso mini kamar da. Bambancin kawai, yanzu idan ya taso nakan haɗiye shi, in je in tsuguna a buzu in miƙa masa kai. Shi ya yi aski, ni in yi surutu. Da kaka kuma ba na jira a ce mini komai, gammona yana nan rataye a zaure. Kan da aka aske, shi yake ɗaukar ladan askin.